Motar Kilisa: Tarihin Tsohuwar Mota da Masu Sauya Mata Fasali a Kagarko da Kudancin Kaduna

Kilisa a asalinta hawan doki ne na nishaɗi. Mai doki kan fito da la'asar sakaliya, idan rana ta yi sanyi, ya zaga bayan gari ba don yana da wurin zuwa ba, ya motsa wa dabbarsa jini, ya ɗan saki linzami inda fili ya samu, ya komo gida kafin magariba. Da mota ta karɓi gurbin doki a ƙofar gidajen masu hali, ɗabi'ar ta biyo ta. Aka sami masu riƙe da wata mota daban da ta zuwa aiki ko kasuwa, yawanci tsohuwa mai ƙarfin inji da aka saya da araha, a yi ta kashe mata kuɗi a gareji, ba a fito da ita sai Asabar da Lahadi ko ranar biki. A Turai da Amurka da Japan wannan sha'awa tana da kasuwarta sukutum, da ƙungiyoyi da filayen tsere, kuma motocinta sanannu ne: ƙanana masu kujera biyu da ke kwance da ƙasa, irin Mazda MX-5 da ta fito a 1989. A Kagarko da Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna tarihin ya bi wata hanya. A nan sauya wa tsohuwar mota fasali ya fara ne a matsayin dabarar neman abinci, a hannun direbobin haya da makanikai, shekaru da dama kafin wani ya yi tunanin yin sa don jin daɗi. Motar kilisa ta zo daga baya ta ci gadon wannan ilimi, da alherinsa da illarsa.

Matsayin Kagarko a taswira shi ya yanke irin motar da za ta iya rayuwa a cikinta. Ƙaramar hukumar tana can ƙasan jihar, tana iyaka da Babban Birnin Tarayya da Jihar Neja. Babban titin Abuja zuwa Kaduna ya bi ta gefenta na yamma, daga wajen Jere kuma wata hanya ta nausa gabas, ta ratsa garin Kagarko da Kubacha, ta shiga Kwoi a ƙasar Jaba, ta kai Kafanchan. Wata hanyar ta haɗa Jere da Bwari. Ƙasa ce ta Koro da Gbagyi da Hausawa da Fulani, mai tuddai da rafuka, wadda damina ke daɗewa a cikinta fiye da Kano ko Katsina, tun daga Afrilu har Oktoba. Ruwa mai yawa a kan jar ƙasa yana cin kwalta ta ƙarƙashi, shi ya sa ramuka ba sa jimawa ba su dawo ba ko an yi faci. Hanyoyin da ke shiga gonakin citta da doya kuwa laka ce da damina, ƙura da gargada da rani. Motar da tazarar cikinta da ƙasa ba ta wuce tafin hannu ba takan bar salansa ko ta fasa kaskon man inji a irin wannan hanya.

Kafin mota ta yi ƙarfi, jirgin ƙasa ne ya buɗe yankin. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudun Jos. Aikin jirgi ya tara wa garin baƙi daga kudu da arewa, cikinsu har da masu aikin ƙarfe da gyaran inji. A ƙarshen shekarun 1920 kuma citta ta kudancin lardin Zazzau ta fara zama amfanin gona na fitarwa waje, ana buƙatar abin da zai kwaso ta daga ƙauyuka zuwa tasha. Wannan aiki manyan motoci suka yi shi, Bedford da Austin, daga baya Marsandi 911. Kamfanoni kan shigo da kan mota da ƙashinta kawai, kafintocin gida su gina mata bodin katako daidai da kayan da za ta ɗauka, mai fenti ya zana mata furanni da kirari. Sauya fasalin mota na farko da yankin ya sani ke nan, kuma tun daga lokacin aka saba da cewa yadda mota ta fito daga masana'anta somin-taɓi ne, a gida ake ƙarasa ta.

Shekarun 1970 ne suka kawo ƙaramar mota ƙofar ma'aikaci. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama kamar maƙwabtanta rainon Faransa. Babban tasirin wannan sauyi bai bayyana ba sai bayan shekara 20, domin shi ya sa motocin Jamus da Beljiyam da Faransa da Amurka, masu sitiyari a hagu, suka dace da titin Najeriya ba tare da an taɓa su ba. Sai ƙarin albashin Udoji da aka biya da ariyas a 1975, ana tsakiyar arzikin man fetur, ga rancen sayen mota da gwamnati ke ba ma'aikata. A watan Maris na shekarar kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, wadda aka yi wa rajista tun Disamban 1972. Da farko ta jirgin sama ake kawo sassan, daga Lyon zuwa filin jirgin Kano, sannan a ɗauko su ta hanya zuwa Kaduna. A farkon shekarun 1980 masana'antar ta kai fitar da mota kusan 60,000 a shekara. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Fijo 504 motar jami'an gwamnati, abin da ya ƙara mata kwarjini. Shugaban makaranta a Kwoi da jami'in gona a Kachia da babban ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan burinsu ya zama ɗaya.

Mutane da yawa da suka girma a bayan 504 ba su ɗauke ta motar gudu ba, alhali tana cikin motocin da suka fi yin suna a tseren daji a Afirka. An fito da ita a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana jikinta, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Yayarta 404 ta riga ta lashe tseren Safari na gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar Kaduna, 504 ta lashe Safari a hannun Ove Andersson, ta lashe tseren Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta kuma lashe na Bandama a Kodebuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da samfurinta mai ƙofa biyu da injin silinda shida. Abin da ya ba ta nasara a can shi ya ba ta tsawon rai a hanyar Kubacha: tayoyin baya ne ke tura ta, sandar da ke kai ƙarfi zuwa baya tana cikin bututun ƙarfe da ke kare ta daga dutse, sifirin ɗinta na da doguwar tafiya da ke shanye rami, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, injinta mai silinda huɗu kuma, wanda bai kai lita biyu cif ba, yana aiki da kafireto da kowane bakanike zai iya kwancewa a gindin bishiya. A Najeriya ma an yi tseren mota cikin shagulgulan bikin kamun kifi na Argungu a shekarun 1970. Idan ana neman motar tsere ta farko da talakan kudancin Kaduna ya hau, to ita ce wannan, ko da yake buhunan citta ya ɗora mata.

Da waɗannan motoci suka tsufa suka sauka daga hannun ma'aikata zuwa tasha. Wagon mai layi uku na kujeru ta zama motar haya tsakanin Kafanchan da Kaduna da Jos, a-kori-kura ta zama jakar kasuwannin ƙauye. A nan dabarun suka bunƙasa. A-kori-kura tana zuwa da ganyen sifirin a baya, sai a ƙara mata ganye ɗaya ko biyu don ta ɗauki ninkin abin da aka ƙayyade mata. Wagon na da naɗaɗɗen sifirin biyu-biyu a kowane gefe na baya, sai a musanya su da masu tauri ko a cusa musu guntun roba. Mai walda ya ƙarfafa wuraren da ke tsagewa, ya ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, ya ƙera kariya a saman rufi. Idan inji ya fara shan mai a sa masa sabon ringi, idan ya wuce haka a kai shi wurin masu injin gora a faɗaɗa ramin fistin. Mota ɗaya takan ci inji biyu ko uku a rayuwarta.

Ilimin yana tafiya ne ta hanyar koyo a gareji. Uba ko ɗan'uwa kan kai yaro wurin oga, ya yi shekaru yana wanke sassa da fetur da miƙa sifana kafin a bar shi ya taɓa inji, daga ƙarshe a yaye shi, abin da 'yan gareji ke kira firidom. Sana'ar ta kasu: ga bakaniken inji, ga riwaya mai harkar wuta, ga fanal-bita mai miƙar da jiki, ga mai fenti, mai kushin, mai lagireto da mai faci. Sassa kuwa daga manyan kasuwanni suke zuwa. A Kaduna akwai Fanteka, inda ake narka ƙarfe da ƙera abin da babu shi a kanti, da Ori-Apata ta 'yan kayan gyara. A Kano akwai Ƙofar Ruwa. Da Abuja ta tashi sai Zuba da unguwar makanikai ta Apo suka zama mafi kusa ga mutumin Jere da Kagarko, har ya zama gyaran da ya fi ƙarfin gari Abuja ake kai shi, ba Kaduna ba.

Zamanin sabuwar mota ya ƙare a 1986. Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya saki darajar naira a watan Satumba, dala ɗaya ta koma wajen naira 4, farashin sassan da masana'antar Kaduna ke shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin albashi. Giɓin da aka bari tsofaffin motocin Turai suka cike shi. Ana tattara su a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels da wasu kasuwannin Jamus da Holand, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin, inda haraji ya fi na Legas sauƙi. Daga nan direbobi su jero su arewa ta Parakou da Malanville, su ƙetare kogin Neja zuwa Gaya, su bi ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi, su faɗo ta Illela ko Jibiya, wasu da takardun kwastan, wasu ta ɓarauniyar hanya da dare. Yarbawa suka kira irin wannan mota tokumbo, mutanen gabas suka ce Beljiyam, Hausawa suka raɗa mata sunan tashar da ta sauka, har kalmar kwatano ta zama sunan duk wani kaya da aka yi amfani da shi a waje.

Komawar gwamnatin tarayya Abuja ranar 12 ga Disamba 1991 ta mai da Kagarko maƙwabciyar babbar kasuwar mota. 'Ya'yan yankin da ke aiki a birnin suka zama masu zuwa gida ƙarshen mako, motocin da manyan Abuja suka gaji da su kuma suka riƙa gangarowa garuruwan kewaye. Gwamnati ta yi ta jan igiya da sakinta a kan shekarun motar da za a shigo da ita, daga biyar a 2001 zuwa takwas, har aka kai 15 a 2010. Kowane samfuri ya sami laƙabi a bakin dillalai: Honda Hala da Henesi, Marsandi mai but kamar harafin V, Toyota mai siririyar fitila. Golf 3, wadda aka ƙera daga 1991 zuwa 1997, ta ƙwace tasha daga hannun wagon, Sharon da Bektira suka biyo baya.

Cikin wannan ambaliya ne motocin kilisa suka shigo, ba tare da an yi odarsu don haka ba. Masu ƙofa biyu irin Toyota Celica da Honda Prelude sun zo jefi-jefi, samari suka so su, amma ba su yi ƙarko ba: cikinsu ya yi ƙasa, ba sa ɗaukar iyali, kayan gyaransu na wuyar samu, kuma ranar sayarwa mai saye ba ya da yawa. Waɗanda suka zauna su ne motocin Jamus masu ƙofa huɗu da zuciyar gudu. BMW samfurin E30, da aka ƙera daga 1982 zuwa 1994, musamman 325i mai silinda shida a jere, lita biyu da rabi da ƙarfin doki wajen 170 a jiki mara nauyi, ita da ƙannenta E36 da E46. Sai Marsandi 190, ta 1982 zuwa 1993, da C-Class da ta gaje ta. Arharsu ta zo ne daga tsoron da ake yi musu. Mai neman motar iyali ko ta haya kan guje su saboda shan mai da tsadar gyara, farashinsu ya faɗi ƙasa da na Toyota mai shekaru ɗaya da su, sai mai sha'awa ya samu. Kamar 504, dukkansu tayoyin baya ne ke tura su, kuma wannan shi ne abin da masu wasa da mota ke nema, domin gaba na riƙe da sitiyari, baya na iya zamewa bisa umarnin totur.

Sayen irin wannan mota yana da ƙa'idojin da gogewa ta kafa. Kasuwa ta raba su gida biyu, kwatano da ta hannu, wato wadda aka riga aka hau a Najeriya. Ta hannu ta fi araha, amma ta sha hannun makanikai iri-iri, kuma kowane hannu ya bar tabo. Ciniki ta hanyar dillali ake yi, da tayi da albarka har a kai ga sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Mai hankali ba ya zuwa shi kaɗai, yakan tafi da bakanikensa, kuma da sassafe, don ya ji yadda inji ke tashi da sanyinsa kafin a ɗumama shi a ɓoye aibinsa. Ana duban hayaƙin salansa: shuɗi-shuɗi alamar inji na ƙona mai, fari mai kauri da bai ɗaukewa alamar ruwa na shiga silinda. A buɗe murfin mai a ga ko ya yi kumfa kamar madara, shaidar gasket ya ƙone. A bi jiki da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike wurin da foti bayan haɗari. A leƙa ƙarƙashi, domin motocin Turai na zuwa da tsatsar gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, na Amurka kuma da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci aka sayo su. Lambar da agogon tafiya ke nunawa ba a cika dogara da ita ba, don mai da ita baya ba wuya.

Takardu sun fi inji muhimmanci, domin inji ana canza shi. Lambar shasi da ke jikin mota dole ta dace da ta takardar kwastan da ta rajista, a kuma yi takardar sauya mallaka da shaidu. Motar da ta shigo ba a biya mata haraji ba ana iya ƙwace ta a hanya ko ta yi shekaru a hannun mai ita, wadda aka sato kuwa takan kai mai saye ofishin 'yan sanda.

A wajen gyara ne bambancin yankin da Turai ya fi fitowa. Mai sha'awar mota a Jamus abin da yake fara yi shi ne ya rage mata tsawo don ta kama kwana. A hanyar Kagarko akasin haka ake yi: a sa mata zoben ƙarfe ko na roba a saman shokozoba, ko sifirin mai tsawo, a ɗaga ta yatsa biyu ko uku, a ɗaura mata farantin kariya irin na wagon ɗin da. Manyan rim masu siririyar taya, da samari ke so don kyau, su ne suka fi saurin lanƙwasa a rami. Wasu kan cire giyar otomatik su sa ta hannu, wasu su sauke injin silinda huɗu su ɗora mai shida na kwatano, a buɗe salansa don ƙara, a sake fenti da kushin, a sa kayan kiɗa a but. A shekarun 1990, lokacin da riwaya ba su saba da na'urar da ke sarrafa inji ba, an yi ta cire injekta ana mai da motoci kafireto, abin da ya rage musu ƙarfi ya ƙara musu shan mai. Zuwan na'urar binciken matsala da ake jona wa mota ya kawo ƙarshen wannan ɗabi'a a manyan garejoji.

Wasu dabarun da aka gada daga tasha ɓarna ce tsagwaronta, kuma har yau suna nan. Ana cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, bisa zaton cewa an yi su ne don ƙasar sanyi. Gaskiyar ita ce inji na da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, kuma idan bai kai ba yakan sha mai fiye da kima ya kuma ci kansa da wuri. Injin BMW mai kan alminiyam ba ya yafe wasa da ruwa: zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya karkatar da kan. Haka cire matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi saboda kamannin cikinta. A da akwai hujja, don fetur mai dalma da aka sha har farkon shekarun 2000 yana toshe ta, amma daga baya dalilin ya koma kuɗin da masu saye ke biya saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta. Kuskure mafi tsada kuwa shi ne tsarin kashe kuɗi. Da yawa kan fara da inji da fenti, su bar birki da taya a ƙarshe, alhali motar da ta haura shekara 25 robobin ƙafarta da bututun birkinta sun riga sun gaji. Kowace taya na ɗauke da lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tayar kwatano mai kyan zane takan kasance ta bushe tun tuni.

Daga waɗannan motoci da garejoji wasan mota ya samo kayan aikinsa. A Kano da Kaduna da Abuja da wasu biranen arewa samari kan juya mota a wuri ɗaya, taya na ƙara, ƙura da hayaƙi na tashi, a wajen kai amarya, ranar Sallah ko murnar cin zaɓe. Don haka ake like giyar aksil na baya da walda yadda tayoyin biyu za su juya tare, a gyara birkin hannu ya riƙa kamawa nan take. Salon yana da dangi a waje. A Japan ya taso a hanyoyin tsaunuka, Keiichi Tsuchiya ya yi suna da shi a Toyota AE86, fim ɗin Tokyo Drift na 2006 ya yaɗa shi duniya. A Soweto ta Afirka ta Kudu BMW E30 ce uwar wasan, suna kiranta gusheshe, kuma can an kai ga mai da shi wasa mai doka da fili mai shinge. A arewacin Najeriya tushensa a zukata ya fi kama da sukuwa da jafi na ranar hawa, inda mahayi ke sako doki a guje ya ja linzami gaban jama'a. Ba mamaki da gargaɗin 'yan sandan Kano na lokacin Sallah kan ambaci tseren mota da kilisar doki a tituna tare. Rashin fili mai shinge shi ne babbar matsalar: 'yan kallo na tsaye dab da mota, kuma an sha rasa rayuka. Motar da aka like wa aksil ma ba ta da aminci a kwanar titi idan an yi ruwa.

Kilisa ta natsuwa ta fi dacewa da kudancin Kaduna, kuma yankin na da wuraren zuwa. Daga Abuja mutum kan bi ta Bwari ya fito Jere, ya leƙa wajen madatsar ruwan Gurara, ko ya miƙe gabas zuwa Kwoi da ƙauyen Nok, wanda sunansa ya zama sunan tsohuwar wayewar gumakan yumɓu. Gaba akwai magangarar ruwan Matsirga kusa da Kafanchan da duwatsun Kagoro. Lokacin da motocin 'yan gida suka fi cika hanya shi ne Kirsimeti da Sallah, da bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, da Tuk Ham na Kwoi a wajen Ista. A irin waɗannan ranaku mota shaida ce ta yadda ɗan gari ya yi a birni, shi ya sa garejojin fenti ke cika a watan Disamba. Doka ta sa iyakar gudun motar gida kilomita 100 a awa a tagwayen titi, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari, kuma tun 1988 hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya ke sa ido, tare da jami'an duba lafiyar mota na jiha. Sauya launi ko inji na bukatar a gyara takardu, gilashi mai duhu kuma izinin 'yan sanda.

Shekaru goman da suka wuce sun matse wannan sha'awa ta kowane gefe. Garkuwa da mutane a titin Abuja zuwa Kaduna da dazuzzukan Kagarko da Kachia ta sa fita don shan iska kawai ya zama kasada, mota mai ɗaukar ido kuma ta zama abin ɓoyewa. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016, mai tasha a Jere, ya kwashe matafiya da yawa daga titi, har shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin tudu, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya har Disamban 2020, tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi ta yi rauni. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, dala kuma ta wuce naira 1,500. A daminar 2023 ɗin cutar ruɓa ta cinye gonakin citta a Kagarko da Kachia da Jaba, wato tushen kuɗin da manoma da 'yan kasuwa kan sayi mota da shi bayan kaka.

Sakamakon haka kwatano ta fi ƙarfin yawancin masu saye, kasuwa ta koma kan ta hannu, motar da a da za a yanka a sayar da sassanta yanzu ana tashinta. Masu silinda shida sun ƙara araha a saye, sun ƙara tsada a riƙe, wanda hakan ya ƙara tura su zama motocin Asabar da Lahadi. Sabon sauyin fasali da ya shigo garejojin Abuja da Kaduna shi ne ɗaura tukunyar iskar gas a but don rage kuɗin mai. A Kaduna, tsohuwar masana'antar Kakuri ta daina harhaɗa 504 wajen 2006, shekarar da gwamnati ta sayar da hannun jarinta, kuma a 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara harhaɗa samfurin 301 a gefen titin Abuja. Tsofaffin Fijo 504 da 505 da suka tsira daga tasha sun fara samun masu nemansu don a mai da su yadda suka fito, da fentinsu da kujerunsu na asali, kuma masu wannan aiki kan koma neman dattawan makanikan Kaduna da Kafanchan da suka san saitin kafireto da kunne.